Tukunyar da Na Ɗora a Wuta

Da Sallar layya da ta wuce muna zaune a tsakar gida ana suyar nama, sai na ji jikata Nafisa tana ba ƙawayenta labarin haihuwar uwarta. Ita ce mai karatun ungozoma a birni, kuma tun da ta fara sa fararen kaya babu mai yin tari a gidan nan ba ta faɗa masa sunan ciwonsa ba. Ta ce wai wata tsohuwar ƙauye ce ta ɗirka wa kakarta saiwoyi har ciki ya kusa zubewa, da ba don asibiti ba da babu uwarta, babu ita. Ta iya ba da labari kam, ƙawayen suna ta salati. Ni kuwa ina gefe ina juya nama a kasko, ban ce uffan ba, kamar yadda ban ce ba shekara da shekaru. Ba laifinta ba ne. Haka ta ji daga uwarta, uwarta ta ji daga Inna, kakarku ta wajen uba, Inna kuwa abin da ta ji da kunnenta ta faɗa. Duk cikinsu babu wadda ta yi ƙarya. Wadda ta san gaskiyar maganar ce ta rufe bakinta, ni ke nan. Shi ya sa na ɗauki biro yau, 'ya'yana. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da shi.

Akwai kuma wata tambaya da kuka sha yi mini kuna yara: me ya sa nake ce wa yayarku Ladi alhali ranar Talata aka haife ta? Kun san 'yar fari ce, ba zan kama sunanta na yanka ba, ko a takardar nan ba zan rubuta shi ba, dole sai da wani suna. Nakan ce muku ai don ranar Lahadi aka ɗauke ni zuwa asibiti. Gaskiya ne ranar Lahadi aka ɗauke ni, amma ba shi ne dalilin ba, kuma zan zo kansa.

Shekarar da nake magana ita ce ta biyu da ruwa ya ƙi mu. Gero ya yi kai ya bushe a tsaye, gyaɗa kuwa idan ka tuge ta sai ɓawo. A garinmu gona tana manne da gona, babu daji balle mutum ya shiga ya nemi abin da zai tsinta, kowace bishiya da mai ita. Da aka gama tattara abin da ya samu, mahaifinku ya duba rumbu ya duba mu, ya ɗauki buhunsa ya tafi cin rani kudu tare da samarin gari. Ina da ciki wata biyu a lokacin, amma ban faɗa masa ba. Ta yaya ma zan faɗa? A zamaninmu mai cikin fari ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, ko ga mijinta, ko ga uwar da ta haife ta. Sai dai a gani. Aka bar mu mu uku a gidan: Baba, wato kakanku, wanda ƙafa ta riga ta hana shi nisa, da Inna, da ni. Bisa al'ada idan ciki ya kai wata bakwai gida ake mai da yarinya goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta. Ni babu gidan da za a mai da ni, don iyayena sun riga sun rufe ɗakunansu sun bi dangi kudu neman abinci. Haka na zauna a hannun Inna.

Kada ku ji an ce uwar miji ku zaci wani abu. Inna ta riƙe ni da amana. Idan aka dama kunun dusa ƙoƙo uku, nata take ragewa ta zuba mini, ta ce ita ba ta jin yunwa, alhali ina jin kukan cikinta daga inda nake zaune. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, shi ne zaƙi. Ku 'yan yanzu ba ku san maganar ba sosai. A wurinmu an ɗauka duk abin zaƙi da mai ciki ta ci ba ya wucewa, taruwa yake a mara ya yi kauri ya toshe wa ɗa hanya, ranar naƙuda a yi ta fama. Don haka ba rake, ba zuma, ba mazarƙwaila, kuma idan ciki ya tsufa sai a nemo maganin zaƙi a sha ya wanke abin da ya taru. Inna tana da dalilinta. 'Yarta Binta, ƙanwar mahaifinku, kwana uku ta yi a durƙushe a haihuwar fari, ta rasu da ɗan a cikinta, kuma kowa a garin ya ce zaƙi ne, don an sha ganin ta da rake. Duk sanda Inna ta dubi cikina sai ta kawo zancen Binta, ba da niyyar tsorata ni ba, abin ne bai bar ta ba.

Da cikina ya shiga wata na bakwai Inna ta aika aka kira ungozoma. Iya ta Gangare ake ce mata, don gidanta yana gangaren da ake bi a je rijiya. An kawo ta garin tana amarya tun kafin a kawo Inna, ba mai kiran ta da wani suna sai wannan. Gajeriya ce, baƙa, bakinta ja da goro ko a shekarar da goro ya gagari masu kuɗi, don ɓari ɗaya take yini tana juyawa. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibi, har da mahaifinku. Ta zaunar da ni ta shafa cikina, ta ja fatar idona ta duba, ta danna mini ƙafa da yatsa.

“Wane zaƙi a shekarar nan?” in ji ta. “Yarinyar nan abinci take so, ba magani ba.”

Inna ta ce, “Iya, ke kika zauna a kan Binta. Kin ga abin da na gani.”

Iya ta juya goron da ke bakinta. Can ta ce, “Na gani. To, zan kawo, don hankalinki ya kwanta.”

Washegari ta dawo da 'yar sabuwar tukunya ja wadda ba ta taɓa ganin wuta ba, da saiwa uku, kowace kamar ɗan yatsa. Ba ta faɗi sunan itacen ba, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta zuba ruwan sanyi a kai ta rufe, ta kama hannuna ta sa na dube ta.

“Ke 'yar nan, ki ji da kyau. Jiƙo ne, ba dafawa ba. Ƙaramin ludayi ɗaya, bayan kin sa wani abu a cikinki, yau ki sha gobe ki huta. Idan ruwan ya ƙare a ƙara na sanyi. Kin ji ko?”

Na sunkuyar da kai na ce na ji.

A daidai lokacin ɗorawa ta nuna. Baba yana da bishiya biyu a gonar bayan gari, kuma a wannan bazarar su suka riƙe gidanmu. Ana kaɗo ta a kawo, a ɓare, a daka a hankali, a tankaɗe, garin rawaya gefe, kalwa gefe. Garin ake damawa da ruwa a sha, ya riƙe mutum har la'asar. Inna da Baba shi suke sha, su bar mini ɗan hatsin da ya rage da kwaɗon busasshen zogale, don garin ɗorawa zaƙi ne da shi, ni an haramta mini. Sai dai kuma ni ce mai tankaɗen, tunda aiki ne na zaune. Ku dubi wannan lamari: a ba yarinya mai ciki, mai yunwa, faifai cike da gari mai ƙanshi, a ce ta tankaɗe kada ta lasa. Ranar farko yatsa na lasa. Rana ta biyu na cika tafin hannu. Abin da ya ƙarasa ni shi ne duk sanda na ci sai abin cikina ya motsa da ƙarfi, alhali kwanakin baya lamo yake yi har ina jin tsoro. Na yi sama da mako biyu ina ci a ɓoye a bayan ɗaki, ina wanke baki da toka don kada Inna ta ga rawaya a haƙorana.

Sai tsoro ya zo. Wata rana da hantsi Inna tana tsince kalwa, ta sake kawo zancen Binta, yadda a rana ta uku ta daina kuka sai dai ta dubi mutane. Na fara lissafa tafin hannu nawa na ci, na ga ludayi ɗaya na ruwan da ko launi bai canza ba ba zai wanke wannan duka ba. Da ina da bakin tambaya da na tambayi Iya, ta yi mini dariya, magana ta ƙare. To, tambayar tana nufin in ce na ci abin da aka hana ni, in kuma ambaci cikina da bakina, duka biyun sun fi ƙarfina. Sai na yi wa kaina dabara irin ta yara. Na ce idan jiƙo yana aiki kaɗan, dafaffe zai yi da yawa. Ranar da Inna ta tafi gaisuwar mutuwa wata unguwa, na ɗora 'yar tukunyar a murhu na hura mata kara har ta tafasa, ruwan ya koma baƙi. Na bari ya huce na cika ƙoƙo na shanye, babu komai a cikina. Ɗacinsa har yau idan na tuna sai yawu ya taru mini. Na mai da tukunyar lungun gado inda take. Kwana uku ina haka, kullum ƙoƙo guda.

Cikina ya yi ta murɗa, na yi ta zagayawa bayan gida. A rana ta huɗu da safe na miƙe daga tabarma sai na ji ruwa yana bin ƙafata, ba mai yawa ba, amma bai tsaya ba. Na canza zane, ya sake jiƙewa. Inna ta ga zanen a igiya, ta ɗauka ta duba, fuskarta ta washe yadda ban ga ta washe ba tun tafiyar mahaifinku.

“Alhamdu lillahi! Zaƙi ne yake fita. Kin ga aikin Iya ko? Haihuwarki za ta zo da sauƙi, in Allah ya yarda.”

Har sadakar kalwa ta bayar, cikin ƙoƙo guda, a shekarar da ƙoƙon kalwa abin kirki ne. Ni ma na yi murna, na ce a raina dabarata ta ci. Kwana biyu ruwan yana zuba muna godiya ga Allah. Ba mu san ruwan da ɗa yake kwance a ciki ba ne yake tsiyayewa. A rana ta uku na tashi da zazzaɓi, kuma motsin ya ragu.

Ranar Lahadi ce. Ba wanda ya kira Iya, biyowa ta yi daga rijiya da hantsi don ta ga jikina. Inna ta tare ta da albishir tun daga ƙofa. Iya ta wuce ta, ta shigo ɗaki ta taɓa goshina, ta ɗauki zanen ta kai hancinta, ta ɗora kunnenta a cikina ta daɗe. Sai ta durƙusa ta jawo tukunyar daga lungun gado. Ina kwance ina kallon ta. Ta buɗe ta ga ruwan, ta ɗaga ta ta duba gindinta, baƙi ƙirin da hayaƙi. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na juya fuskata ga bango. Inna tana tsakar gida tana ɗauko mata tabarma. Kafin ta shigo, Iya ta juye ruwan a ƙasan ɗaki, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe tukunyar ta saƙale a hammata.

“Wannan ba zaƙi ba ne,” ta ce da Inna. “Faya ce ta tsage. Kwana nawa?”

“Yau uku.”

“A nemo jaki.”

Inna ta tsaya riƙe da tabarma. “Jaki kuma? Ina za mu?”

“Asibiti. Hannuna bai kai nan ba. Ruwan ya fara wari, jikinta ya yi zafi. Idan ta kwana biyu a ɗakin nan za ki sake ganin abin da kike tsoro.”

Ku sani, ba a taɓa jin Iya ta ce abu ya fi ƙarfinta ba, kuma a lokacin mutanenmu suna ganin asibiti wurin da ake kai wanda aka fid da rai da shi ne. Baba yana zaure, maganar ta je masa. Daga ɗaki nake jin muryarsa. Ya ce mijinta ba ya nan, wa zai ba da izini? Ya ce a gidan nan ba a taɓa haihuwa a hannun baƙi ba. Ya ce zai aika wa liman a yi rubutu. Iya ta tsaya daga bakin zauren, ba ta ɗaga murya ba.

“Malam, a yi rubutun, ta sha a hanya. Ni na yanke wa ɗanka cibi. Idan ya dawo ya tambayi wanda ya fitar masa da mata, ka ce ni ce.”

Can muka ji Baba yana cewa a je gidan maƙwabci a aro jaki.

Jakin ƙashi ne da fata, ni ma haka. Inna ta riƙe ni ta dama, Iya ta hagu, tana tafe tana kora shi, tsohuwar da ta girmi Inna nesa ba kusa ba. Muka bi ta tsakanin gonakin da babu komai a cikinsu sai kututturen kara, rana tana dukanmu. Allah ya taimake mu ranar kasuwar Ɗambatta ce, hanya da motoci. Muka samu wata babbar mota da ta sauke kaya za ta koma birni, direban ya dube ni ya ce a sa ni a gaba. Abin da na fi tunawa a tafiyar shi ne Iya ta ciro ɓarin goronta daga gefen zane, ta gutsura ta sa mini a baki don kada in yi amai.

A asibiti wata malama ta karɓe mu, doguwa, mai sauri, ga alama tun safe take tsaye. Ta duba ni ta yi tambayoyi, Inna tana amsawa. Sai ta tambayi abin da na sha. Inna ta ce maganin zaƙi ne kawai. Malamar ta juyo gare ni ta ce da yawa na sha ko kaɗan, jiƙawa aka yi ko dafawa? Nan ne wurin, 'ya'yana. Kalma ɗaya ce ta rage mini in faɗa. Bakina ya yi nauyi, ina kallon Inna, ina kallon ƙasa.

Iya ta ce, “Ni na ba ta. Ni na haɗa, ni na ce ta sha.”

Malamar ta yi mata faɗa sosai a gaban kowa. Ban ga laifinta ba, ta ga mata da yawa an kawo su a makare, kuma abin da aka faɗa mata shi ta ɗauka. Ta ce ku ne kuke kashe mata da saiwoyinku, sai kun gama ɓarna ku kwaso mana. Iya tana tsaye da ƙullinta a hammata, ta ce, “Haka ne, 'yata. Ki duba ta dai.” Inna kuwa ta ja jikinta gefe, tun daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da Iya ba.

Aka yi mini allurai, aka ɗaura mini ruwa. Ranar Talata da rana na haihu. Yayarku da kuke gani yanzu tana cika ƙofa, a ranar ba ta fi kwalbar man gyaɗa ba, kukanta ma sai ka kasa kunne. Muka yi kusan wata a can. Har yau ban sani ba ko dafaffen maganin ne ya tsaga fayar, ko yunwa ce, ko abin da Allah ya rubuta ne zai zo ko da ban sha komai ba. Nafisa ta fi ni sanin wannan. Abin da na sani shi ne tsohuwar ta ce a jiƙa, ni na dafa.

Kafin mu dawo labari ya riga mu isa gari. Inna ba ta ƙara komai a kai ba, abin da malamar ta faɗa shi ta maimaita, amma ta maimaita shi a rijiya da gidan suna da gidan makoki. Mata suka fara tuno wasu haihuwar da suka zo da wuya, har da ta Binta, duk aka jibga wa Iya. Aka daina kiran ta. Ku fahimci abin da wannan yake nufi. Ba ta da gona, ba ta da ɗa namiji a garin. Abincinta shi ne ɗan hatsin da ake ba ta idan ta karɓi haihuwa, da rabonta na naman suna, da abin da maijego ta rage mata. A shekarar ƙoshi da maƙwabta sun riƙe ta. A wannan shekarar babu mai abin da zai riƙe wani. Da mahaifinku ya dawo gab da damina ya ji labari, mutumin da bai iya faɗa ba, ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Ina zaune ina ba 'yata nono ya faɗi haka. Sau nawa na shirya zan faɗa masa, a shekarar da kuma shekarun baya, har ya koma ga Allah ban faɗa ba. Tsoro ne da fari, daga baya kuma kunyar daɗewar da na yi ban faɗa ba.

Bayan ruwan shuka muka ji 'yarta da ke aure wajen Shanono ta aiko a ɗauke ta. Ranar da za ta tafi, da hantsi, mahaifinku da Inna suna gona, Baba yana gyangyaɗi a zaure, sai na ga ta shigo ta ƙofar baya inda dangar kara ta faɗi. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu, bakin nan ja ya koma fari. Na durƙusa na gaishe ta, kuka ya ƙwace mini. Na ce zan faɗa, yau ɗin nan zan faɗa wa kowa.

“Ki faɗa wa wa?” in ji ta. “Tashi ki zauna. Tukunyar na fasa ta tun a hanyar dawowa, na watsar a kwazazzabo. Ke yarinya ce, ba ki san bakin mutane ba. Idan aka ji ke kika dafa da hannunki, a ɓoye, mijinki ba ya gari, kina zaton za a ce tsoron zaƙi ne? Cewa za a yi cikin kike son zubarwa. Sai a fara ƙirga watannin tafiyarsa da yatsa. Ya tafi bai san da ciki ba, ko ba haka ba? To, ke za ki iya wanke kanki, ita jaririyar nan fa? Da shi za ta girma.”

Wallahi tunanina bai taɓa kai wa nan ba. Ita kuwa tun a ɗakin, tana riƙe da tukunyar, kafin Inna ta shigo da tabarma, ta riga ta gama wannan lissafin.

Na ce, “Iya, ɗorawa na ci. Na ci da yawa.”

Ta yi dariya har da tari. “Yo na gani a farcenki tun ranar. Ita ce ma ta riƙe miki 'yar. Da kin tambaye ni da na ce ki ƙara.”

Ta miƙo hannu na ba ta jaririyar. Ta kwance ta daga tsumman, ta juya ta, ta duba cibiyar da ba ita ta yanke ba, ta ce sun iya. Ta auna ta a tafin hannunta tana murmushi.

“Za ta yi ƙwari. Ni ma haka aka haife ni, bakwaini. A ƙwarya aka sa ni aka lulluɓe da auduga. Ba wanda ya zaci zan kai suna, ko rago ba a nema ba, sai Ladi kawai ake ce mini don ran Lahadi na zo. Ga ni nan har na gaji da duniya.”

Ta miƙo mini ita, ta tofa mata addu'a a ka, ta fita ta inda ta shigo. Ban ƙara ganin ta ba. Bayan kaka biyu muka ji rasuwarta, kuma daga gidanmu babu wanda ya je gaisuwa.

To, Nafisa, ki ci gaba da ba da labarin nan, ban hana ki ba. Ki gaya wa mata kada su sha abin da ba su san ƙarfinsa ba, ki gaya musu ruwa idan ya fara zuba ba a jira, ki gaya wa masu cikin fari su buɗe baki su yi tambaya ko da kunya za ta kashe su. Amma idan kin zo kan wadda ta dafa saiwar, ki ce kakarki ce. Idan kin zo kan wadda ta ce a nemo jaki, ki faɗi sunanta, yanzu kin san shi.

Tun daga ranar da ta fita ta dangar nan na fara ce wa yayarku Ladi. Da aka tambaye ni na kawo zancen Lahadin da aka ɗauke ni asibiti, aka yi dariya aka ce mai 'yar fari ba ta rasa dabara. Sunan ya bi ta. Mahaifinku, da ya hana tsohuwar taka gidansa, da shi ya riƙa kiran 'yarsa safe da yamma. Inna ma haka. Wani lokaci nakan yi zaton Inna ta san sunan tun da can, don ranar da ta fara ji a bakina ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta ce, “Kawo Ladin in goya ta.”